DAJIN FALGORE DA TAFKIN TIGA: INDA RUWANMU YAKE FITOWA

Wata rana a ajinmu na shida, muna cikin darasin labarin ƙasa, muka tambayi yara, "Daga ina ruwan da muke sha yake fitowa?" Wata yarinya ta ɗaga hannu da sauri, ta ce, "Malam, daga kurar mai garuwa!" Aji duka ya fashe da dariya. Amma fa ba ta yi ƙarya ba. Yaron da aka haifa a Kwaciri, abin da idonsa ya saba gani ke nan, jarkoki jere cikin kura, mai turawa yana haɗa gumi. Wani yaro ya ce daga famfo. Wani ya ce daga rijiyar burtsatse. Ba ko ɗaya da ya ambaci kogi, balle dutse ko daji.

Da muka koma ɗakin malamai muka ba juna labari, sai dariya ta koma tunani. Ashe mu manya ma ba mu fi yaran da yawa ba. Da yawa daga cikinmu mutanen Filato ne, ko kudancin Kaduna, ko Bauci. Kowace Kirsimati mukan hau mota mu bi hanyar Jos, mu ratsa ta tsakiyar dajin Falgore. Me mukan yi in an shiga dajin? Hira ta mutu, kowa ya yi tsit, ana addu'a a zuci, ana ƙosawa a fita. Shekara da shekaru muna wucewa, ba mu taɓa ɗaga ido mun dubi wurin da kyau ba. Mun san shi wurin tsoro ne kawai. Ba mu san cewa maƙwabcinmu ne mai yi mana alheri dare da rana ba.

Domin wannan muka shirya, muka ɗauki yaran ajin zuwa tafkin Tiga, wanda yake bakin dajin daga arewa. Abin da muka gani, da abin da muka koya a kan dajin da duwatsun da suke bayansa, shi muke so mu kawo wa iyaye a wannan wata.

HANYA MA MAKARANTA CE

Mun tashi da sassafe a cikin hunturu, muka bar Sabon Gari, muka kama hanyar Zariya. Tun daga gadar Tamburawa darasi ya fara. A wannan yanki ne Kogin Kano da Kogin Calawa suke haɗuwa, nan ne kuma akwai matatar ruwa wadda take aika wa birni ruwan famfo. Muka ce wa yara su riƙe sunan Kogin Kano a ransu, gama shi za mu bi har mu ga inda aka tare shi.

Da muka kai Kura, sai ƙasa ta sake kama. A baya mun baro karmami da ƙura, ga shi nan kuwa ko'ina kore shar, a tsakiyar rani. Ga alkama, ga tumatir, ga albasa, ga masara, ruwa yana gudu cikin magudanan siminti a gefen gonaki. Wannan shi ne aikin noman rani na Kogin Kano, wanda ya shafi Kura, da Garun Malam, da Bunkure. Kwandunan tumatir da ake lodi a Kwanar Gafan, da shinkafar Kura da uwargida take aunowa a kasuwar Sabon Gari, da wannan ruwa aka noma su. Wato ko gidan da bai taɓa ganin ɗigon ruwan famfo ba, yana cin albarkacin kogin nan a cikin tukunyar miya.

Daga nan aka ratse hagu, aka bi ta Bagauda, aka nufi Tiga. Daga Kano zuwa can wajen kilomita 70 ne.

TAFKIN DA MUTUM YA YI

Yaranmu ba su taɓa ganin ruwan da ya fi kududdufin unguwa girma ba. Da mota ta tsaya suka hango tafkin, sai suka yi shiru, abin da ba su saba yi ba. Ruwa ne shimfiɗe iyakar ganin ido, hazo ya rufe ƙetarensa, ga duwatsu sun leƙo nan da can, ga masunta a cikin kwalekwale kamar ƙudaje don nisa. Wani yaro ya matso ya ce, "Malam, wannan shi ne teku?"

Ba teku ba ne, ba kuma tafkin asali ba ne. An fara gina madatsar Tiga a shekarar 1971, aka gama a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, a daidai shekarun da fari ya gallabi ƙasashen arewa. An tare Kogin Kano da ganuwar ƙasa da duwatsu mai tsawon wajen kilomita 6, bisanta kuwa mita 48 a wurin da ta fi tsayi. Ruwan da ya taru a bayanta, in ya cika, yakan rufe fili mai faɗin murabba'in kilomita 178. Da damina a tara, da rani a riƙa saki kaɗan kaɗan.

Ruwan da aka saki ba a Kano yake tsayawa ba. Bayan Kogin Kano ya haɗu da na Calawa, sai su zama Kogin Haɗeja, ya bi ta Wudil, ya gangara fadamun Haɗeja da Nguru, abin da ya ragu ya shiga Kogin Yobe ya nufi Tafkin Cadi. Gaskiya ɗaya ce, sai mu faɗe ta: madatsar da ta rayar da gonakin Kura ta rage ambaliyar da manoma da masunta da makiyayan fadamun can ƙasa suka dogara a kanta tun kaka da kakanni. Kogi kamar gidan haya ne mai ɗakuna da yawa. Abin da na ɗakin farko ya yi, yakan shafi na ɗakin ƙarshe.

A bakin tafkin mun ga zalɓe tsaye da ƙafa ɗaya yana jiran rabonsa, da balbelu farare fat, da agwagin ruwa. Masunta suka nuna wa yara ƙarfasa da tarwaɗa da suka kama. Amma tambayar da muka zo da ita tana nan: shi kansa tafkin, wa yake cika shi? Muka juya yara suka fuskanci kudu. Amsar tana can, cikin hazo.

DAJIN DA AKA KEƁE

Daga bakin tafkin ta kudu dajin Falgore ya fara. Faɗinsa ya kusa murabba'in kilomita 1,000, ya kuwa taɓa ƙananan hukumomi uku, Tudun Wada, da Doguwa, da Sumaila. Daga kudu maso gabas ya yi iyaka da gandun dajin Lame-Burra na Jihar Bauci. Kogin Kano ya ratsa ta cikinsa, ƙananan rafuka suna zuba masa daga dama da hagu.

Tun zamanin Turawa, a shekarun 1940, aka keɓe shi, ana ce da shi gandun dajin Kogin Kano. A shekarun 1960 aka ɗaukaka shi ya zama wurin kiyaye namun daji, aka hana farauta a ciki. A shekarar 2020 kuma Gwamnatin Tarayya ta amince da sababbin gandayen daji na ƙasa guda goma, Falgore yana cikinsu.

Wanda ya saba da karkarar arewacin Kano, inda kowane taku gona ne, in ya shiga Falgore zai ce wata ƙasa ya shiga. Ruwan sama ya fi yawa a nan, damina kuma ta fi tsawo. Itacen da ya fi rinjaye shi ne doka. Akwai ƙawo, da maje, da marke, da kaɗanya, da ɗorawa, da tsamiya. A bakin rafuka kuwa itatuwa sun fi tsayi da duhu, nan ake samun maɗaci da ɗinya da kanya. Abin mamaki, wajen ƙarshen rani, tun ruwa bai sauka ba, doka takan fid da sabon ganye jajaye masu sheƙi, sai ka ce an shafa wa dajin lalle. Ku duba ta tagar mota in kun bi hanyar a wannan lokaci.

An san dajin da manyan namu, irin su gwanki, da kanki, da ɓauna, da gwambaza. Waɗannan sun yi ƙaranci ƙwarai saboda farauta da damun mutane. Kada kowa ya tafi da zaton zai ga garken ɓauna a bakin hanya. Abin da matafiyi ya fi sa rai da gani shi ne birai, musamman gwaggon biri da jan biri, wani lokaci gada ta gilma. Tsuntsaye kuwa suna da yawa, har masanan tsuntsaye na duniya sun sa Falgore cikin wurare masu muhimmanci dominsu. Mai haƙuri zai ga zabin daji, da fakara, da cilakowa, da irin waɗanda ba mu san sunansu ba sai mun tambayi mutanen wurin.

DUWATSUN KUDU

Bayan dajin, a ƙasar Doguwa, ƙasa takan fara hawa. Nan ne duwatsun Riruwai suke, inda ya fi ko'ina bisa a Jihar Kano. Ƙwanƙolinsu ya haura mita 1,000 daga bakin teku. Dutsen Dala da muke alfahari da shi a birni, bai wuce mita 534 ba a wannan ma'auni. Waɗannan duwatsu 'yan'uwan na Jos ne, dutse iri ɗaya, arziki iri ɗaya. Shi ya sa aka daɗe ana haƙar kuza a Riruwai kamar yadda aka yi a Bukuru.

Da damina duwatsun sukan yi kore, ruwa yana tsiyayowa ta kowane tsagi, ya taru ya zama rafi. Daga waɗannan tuddai na kudu ruwan Kogin Kano yake tasowa. To, ga jerin yadda abin yake: dutse ya karɓi ruwan sama, daji ya riƙe shi, kogi ya ɗauko, tafki ya tara, gona da famfo su raba. In ɗaya ya lalace a cikin jerin nan, sauran za su ji a jikinsu.

AIKIN DA DAJI YAKE YI A ƁOYE

Mun nuna wa yara wannan a filin makaranta kafin tafiya, kowane gida kuma zai iya gwadawa. Muka sami faranti biyu, muka cika su da ƙasa. Ɗaya muka bar shi tsirara, ɗaya muka rufe da ciyawa da busassun ganye. Muka karkata su, muka zuba musu ruwa da buta. Daga farantin da yake tsirara, ruwa ya zubo nan da nan, ja wur, ya kwashe ƙasa. Daga mai ciyawa, ruwa ya fito a hankali, kusan garau, ya kuma daɗe yana ɗiga.

Haka dajin Falgore yake yi. Ganye yana karya ƙarfin ruwan sama kafin ya bugi ƙasa. Ruɓaɓɓen ganye yana shanye ruwa kamar soso. Saiwa tana riƙe ƙasa kada ta zaizaye. In aka sare itatuwan, ruwa zai sauko gaba ɗaya da fushi, ya kwaso laka da yashi ya zuba cikin tafkin Tiga. Tafkin da ya cika da laka kuwa kamar randa ce da aka zuba wa ƙasa har rabi: a ido tana nan da girmanta, amma ruwan da take ɗauka ya ragu. Madatsa ana iya yi mata gyara da kuɗi da injuna. Dajin da ya ɗauki shekaru aru-aru yana girma, ba kuɗin da zai mai da shi cikin shekara guda.

Ba mu kaɗai ne muka taɓa fuskantar wannan ba. A Jihar Niyok ta Amurka akwai wasu duwatsu masu daji da dubban tafkuna, ana ce da su Adirondak. A ƙarni na 19 masu yankan katako suka far musu. Mutanen birane suka tsorata, suka ga in dajin ya ƙare, kogin Hudson da hanyoyin ruwan da cinikinsu ya dogara a kai za su ja baya. A 1892 aka keɓe yankin, a 1894 kuma aka rubuta cikin tsarin mulkin jihar cewa dajin gwamnati na wurin zai zauna daji har abada. Abin lura shi ne, mutanen birni ne suka tsaya wa dajin, domin sun gane ruwansu daga can yake.

ABIN DA YAKE CIN DAJIN

Na farko shi ne gatari. Ana sare itatuwa don katako, da itacen girki, da gawayi. A nan sai mu taɓa ƙirjinmu. Buhunan gawayin da ake saukewa a unguwanninmu ba daga sama suke faɗowa ba. Ba mu ce dukansu daga Falgore suke ba, amma kowane buhu itace ne da ya taɓa tsayawa a wani daji. Ba kuwa za mu ga laifin uwargida ba, gama kananzir da gas sun yi tsada, yara kuma dole su ci tuwo. Duk da haka ya kamata mu san abin da muke ƙonawa.

Na biyu, wutar daji, wadda akan cinna da rani don korar namu ko don neman sabuwar ciyawa. Wutar da ta zo a ƙarshen rani, sa'ad da kome ya bushe ƙayau, takan kashe ƙananan itatuwan da za su gaji manya. Na uku, gonaki da kiwo da suke ƙara matsowa ciki yayin da jama'a take ƙaruwa.

Na huɗu shi ne wanda ya sa mu yin tsit a cikin mota. A wajen shekarun 2015 da 2016 sunan Falgore ya ɓaci da labarin ɓarayin shanu, da 'yan fashi, da masu satar mutane. Matafiya sun sha wuya, makiyaya da manoman yankin sun fi kowa shan wuya. A 2017 sojoji suka shiga dajin suka yi atisaye, daga baya aka mai da wani sashe nasa wurin horar da su. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga. Ba itatuwa ne suka haifi ɓarayi ba. Dajin da aka yi watsi da shi, ba masu tsaro isassu, ba baƙi masu zuwa kallo, shi ne yakan zama maɓoyar mugaye. Masu cewa a share dajin a huta, su tuna da farantin nan na tsirara.

IN ZA KU TAFI

Muna ƙarfafa iyaye, da malaman makaranta, da ƙungiyoyin matasa da zumuntar mata, su shirya irin wannan fita. Kowace shekara mukan kai yara gidan zu na Audu Bako su ga namu a cikin keji, wannan kuwa yana da kyau. Amma ya kamata su ga gidan namun na ainihi, ko da daga bakinsa ne. Ga shawarwarinmu:

1. Ku fara da Tiga. Ana iya zuwa a dawo a yini ɗaya. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ya fi daɗi, gama ba ruwan sama, ba kuma zafi mai tsanani. A tafi da rigar sanyi.

2. Kada kowa ya shiga cikin dajin Falgore da ka. A nemi izini wurin ma'aikatan gandun daji, a sami ɗan jagora daga cikinsu, a kuma tambayi jami'an tsaro da direbobin hanyar halin da ake ciki a wannan mako. In sun ce a dakata, a dakata. Mu kanmu ba mu shiga da yara ba.

3. A yi tafiya da rana, a komo gida kafin magariba.

4. Kada a bar yara su yi wanka ko iyo a tafki. Akwai zurfi, akwai kuma cutar tsargiya a irin wannan ruwa.

5. Kada a shiga kwalekwalen da aka cika maƙil, ko wanda ba shi da rigunan kariya. Ba mu manta da hatsarin jirgin ruwa na Ɓagwai a 2021 ba, inda rayuka da yawa suka salwanta, yawancinsu yara 'yan makaranta.

6. A gai da mutanen wurin da ladabi, a nemi izini kafin a ɗauki hotonsu, a sayi kifinsu da kayan gonarsu. Amma kada a sayi naman daji, gama mai saye shi ne yake aiken maharbi.

7. Leda da gorar ruwa da kuka tafi da su, ku komo da su.

ABIN DA ZA MU IYA YI A GIDA

Wani zai ce, "Ni da nake ɗakin haya a Kwaciri, ina ruwana da daji mai nisan kilomita fiye da ɗari?" Ruwanka kuwa yana can, ɗan'uwa. Akwai murhun zamani mai cin gawayi kaɗan, gidan da ya iya ya saya. A jiƙa wake kafin a ɗora, a rufe tukunya, a kashe garwashi in an gama girki, a ajiye don gobe. In akwai fili a harabar makaranta ko ta majami'a, a dasa darbejiya, ko mangwaro, ko zogale, a danƙa wa kowane aji itacensa ya riƙa ba shi ruwa. In masu neman ƙuri'a sun zo ƙofar gida, a tambaye su abin da za su yi wa Falgore da Tiga, kamar yadda ake tambayarsu zancen hanya da wutar lantarki. Wannan ƙasa amana ce Allah ya ba mu, mu da maƙwabtanmu duka, gama kogi ba ya tambayar addini ko yaren mai sha.

Ran Litinin da muka koma aji, muka sake yin tambayar nan. Yarinyar da ta ba mu dariya ta sake ɗaga hannu. Ta ce, "Malam, daga dutse, ya bi ta daji, ya shiga tafki." Sa'an nan ta ƙara da cewa ta gaya wa babanta, in za su tafi gida da Kirsimati, ya nema mata wurin zama kusa da taga.

Mu ma bana kusa da taga za mu zauna. Addu'ar neman sauka lafiya ba za mu fasa ba, amma za mu haɗa da godiya.